Ƙafar Hagun Chet

"Baba, kar ka kuskura! Ajiye abin nan!"

Muryar Curtis ce daga bakin gareji. Ko tsayuwar motarsa ban ji ba, don motocin nan nasu na zamani ba su da murya, sai dai ka gan su a kanka kamar mage. Ina riƙe da fitila, ubansa Chet ya zura rabin jikinsa cikin bonet, bakin injin huda ƙarfe yana daidai kan ɗigon alli da ya yi alama da shi. Da yaron nan ya tsaya shan mai a hanya, da tuni an gama.

Chet bai ɗago ba. Ya ce, "Dolly, haska min nan."

Na haska. Curtis ya tsallake akwatin sufanu ya je ya zare wayar injin daga bango.

Ni ce Dolores, da suke kira Dolly, maƙwabciyarsu. Shingen waya kawai ya raba gidana da na Chet Bielak a wannan layi namu na garin Saginaw, tun kafin a haifi Curtis ɗin. Ni na goge masa majina, ni na ɓoye shi a kicin ɗina ranar da ya fasa tagar coci. Yanzu ga shi ya yi furfura a gefen kunne, ya zo daga birnin Grand Rapids da farin takalmi yana yi wa ubansa tsawa a garejin ubansa.

"Ka san abin da za ka yi kuwa? Motar nan tun da ta fito daga masana'anta ba a taɓa huda ta ba. Ko noti ɗaya ba a canza mata ba. Irinta nawa suka rage a ƙasar nan?"

"Rami ne ɗan ƙarami," in ji Chet. "Bai kai bakin kofin shayi ba. Wa zai gani?"

"Alƙalan gasar motoci za su gani!"

"Alƙalan su ci gidansu," na ce.

"Anti Dolly, don Allah."

"Don Allah me? Ka dubi ƙafar ubanka kuwa tun da ka shigo?"

Maganar ke nan, ƙafa. Chet ya sayi motar sabuwa fil a shekarar 1969, da albashinsa na masana'antar narka ƙarfe, koriya shar, mai inji kamar na jirgi. In ya tayar da ita kofuna na rawa a kabad ɗina. Kulocinta irin na da ne, sandunan ƙarfe da wani mugun sifirin, in za ka taka sai ka ce saniya kake turawa. Yana saurayi wannan abin alfahari ne. Amma ciwon suga ya bi ƙafarsa ta hagu ya cinye ta a hankali, har ta koma ba ya jin yatsunsa. Ta dama lafiya lau take, kullum yana tuƙa akori-kurarsa mai canza giya da kanta zuwa kanti. Kulocin ne kawai ya gagare shi.

Shi ya sa ya yi odar sabon kuloci mai aiki da mai: ɗan tulu, siririn bututu, da wata 'yar silinda. Man ne ke yin turin, ƙafa taɓawa kawai take yi. Sai dai kafin a ɗaura shi dole a huda bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da ƙafafun direba.

Ba kuma wani dogon buri yake da shi ba. Duk watan Agusta akwai Asabar ɗin da tsofaffin motoci ke fitowa su yi ta kai da kawo a babban titi, a hankali, mutane na zaune a kujerun naɗewa suna ɗaga musu hannu. Chet bai taɓa fashi ba sai bara. Tafiya ce ta tsaya-ka-matsa, ƙafar hagu ba ta hutawa. Abin da yake so shi ne bana ya zauna a kujerarsa, ya sa giyarsa da hannunsa, ya bi titin nan sau ɗaya ya dawo.

Shi kuwa Curtis ya faɗa cikin wata ƙungiya ta masu bautar asali. Na taɓa ganinsu a filin baje motoci, manyan mutane da tumbinsu, suna rarrafe da madubi a kan sanda suna leƙa ƙarƙashin mota ko wani ya sa noti da ba na masana'anta ba. Motocinsu ba sa taka kwalta, a tirelar ja ake kai su a dawo da su. Kuma motar Chet da sunan Curtis take. Lokacin da Maxine, matar Chet, ta kwanta ciwon ajali, aka mayar da ita sunan yaron don kar kuɗin jinya ya haɗa da ita. Chet ya ɗauka magana ce ta takarda kawai.

"Ban so na faɗa ba, Baba," in ji Curtis, yana kallon ƙasa, "amma a doka tawa ce."

Chet ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu, ya dubi ɗansa. Na zaci zai zage shi, na ma so ya zage shi. Sai kawai ya ciro tsumma daga aljihu ya goge ɗigon allin.

Da Curtis zai tafi ya tattara tulun da bututun a kwalinsu ya sa a but ɗin motarsa, wai don kar Baba ya shiga jaraba. Na bi shi har bakin titi.

"Kai Curtis, ba ka ji kunya ba?"

"Anti, mai shekarunsa da irin ƙafar nan bai kamata ya tuƙa motar nan ba sam. Ina tsoron ya kashe kansa."

"To ka ce masa haka mana. Me ya kawo alƙalai?"

Ya shiga motarsa ya ja ƙofa. Na yarda akwai tsoron a ciki, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma na ga idonsa lokacin da ya shigo garejin, kuma ba ubansa ya fara duba ba, bangon ƙarfen ya duba.

Chet ba mutumin da ke zama ya rafka tagumi ba ne. Washegari ya kira Vern, abokinsa tun na masana'anta, wani dogo mai kunne ɗaya da ba ya ji. Suka ɗaga motar a jak, suka kwance sandunan kulocin kaf, suka wanke su da kananzir, suka goge tsatsa, suka cika kowace gaɓa da giris, suka mayar da kowane noti inda yake. Mako biyu suna abu ɗaya. Ni ce mai kai musu kofi da burodi, ni ce kuma mai jin faɗansu.

"Ja ta hagu, Vern."

"Me?"

"Hagu! Kurman banza."

"Ai hagun nake ja, gurgu. Kai ne ba ka san hagunka ba."

"Na san ta mana, ita ce ta yi min tawaye."

Suka kwashe da dariya su biyu a ƙarƙashin mota, ƙafafunsu a waje. Ni ban yi dariya ba.

Ranar gwaji da hantsi ne. Chet ya sa takalminsa na aiki ya ɗaure igiya tam, ya ce in shiga in zauna gefe. Ya tayar da inji, layin duka ya ɗauka, karen gidan kwana ya kama haushi. Ya ɗora ƙafar a kan kuloci, ya ɗora tafin hannunsa a gwiwa ya danna da duk nauyinsa. Ta tafi. Ya sa ribas, muka fita titi. Wallahi fuskarsa ta koma ta yaro.

"Kin gani, Dolly? Giris kawai take so."

Muka kai mahaɗa inda dole a tsaya. Ya sake dannawa. Ina ganin gwiwar na kaɗawa a ƙarƙashin hannunsa, zufa na bin wuyansa. Wata mata na tura keken jariri tana tsallakawa, ba ta sauri, me zai sa ta yi sauri? Da ƙyar ta kai ɗaya gefen sai ƙafar ta zame. Motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta, ta haye gefen titi, ta mutu a kan ciyawar mutane.

Matar ta waiwayo ta zabga mana harara ta wuce. Chet ya zauna hannuwansa biyu a kan sitiyari. Can ya ce, "Ban ji ta zame ba. Dolly, ban ji ba."

"Da mai aiki da mai ne da ba ta zame ba."

"Na sani."

Vern ne ya zo ya mayar da ita gida. Chet ya tako a ƙasa yana jan ƙafa, ya ƙi in riƙe shi.

Daren jajibirin Asabar ɗin ban ma san Curtis ya iso ba, sai da safe na ga tirela a ƙofar gida. Ya ja motar kan tirelar da igiyar ƙarfe, ko tayar da ita bai yi ba, ya ɗaure tayoyinta huɗu. Filin baje motoci ya kai ta, ya kewaye ta da igiya don kar a taɓa. Ni na kai Chet babban titi a motata, na buɗe masa kujera a inuwar kantin magani, inda Maxine ta saba zama tana jiran wucewarsa.

Motoci suka yi ta wucewa, ja, shuɗiya, ruwan ɗorawa, hayaƙinsu na shiga hanci. Kusan kowa ya san shi.

"Chet! Ina koriyar?"

"Tana hutawa!"

"Chet, ka sayar ne?"

"Ta yi aure!" ya ce, suka yi dariya suka wuce.

Vern ya zo wucewa a tasa tsohuwar, ya tsaya, ya buɗe ƙofar gefe, na baya na ta danna masa ham.

"Shigo mana, gurgu!"

Chet ya girgiza kai. "Ban taɓa bin titin nan a kujerar mata ba."

"Kujerar uwar wa?" na ce. Ya yi ɗan murmushi, amma bai tashi ba.

Da la'asar Curtis ya same mu a can, fuskarsa ta yi ja da rana, yana riƙe da wani kofi na roba mai ruwan zinare.

"Baba, mun ci! Na ɗaya a ajin asali. Wani alƙali ya ce bai taɓa ganin bangon inji mai tsabta irin nata ba."

Ya ɗora wa ubansa kofin a cinya. Chet ya juya shi, ya duba gindinsa, ya ce, "Madalla." Daga nan ya ce min in kai shi gida ƙafar na masa zogi.

Ba zogi take ba, ƙafar da ba ta jin komai. Amma da na sa shi dole ya cire takalmin a kicin ɗina, sai ga miki a tafin, ya yi baƙi a gefe, ƙila tun ranar gwajin nan ne. Bai sani ba. Na kai shi asibiti. Suka wanke, suka ɗaure, suka ba da magani, suka sake wankewa. Kafin ganye ya fara zuba da kaka suka ce ba yadda za a yi, sai an cire daga ƙasan gwiwa.

Na je duba shi bayan aikin. Ya rame, gemu ya fito masa fari fat, bargo ya kwanta shafal a inda ƙafar take da. Curtis na bakin ɗakin yana waya, na wuce shi.

"Dolly," in ji Chet, "sun cire ƙafar kuloci."

"Na gani."

"Kin san abin da ya ba ni mamaki? Ita ma ta asali ce. Da ita na fito daga masana'anta. Ba wanda ya zare wa likita waya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na juya na fuskanci taga, don in na bari ya ga hawayena zai ce na fara tsufa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na zuba masa ruwa.

Bai fito daga asibitin ba. Ƙwayar cutar ta riga ta shiga jini. Ranar wata Talata da rana, ina gida ina shanya, Curtis ya kira ya ce Baba ya cika. Yana kuka sosai a wayar, kukan gaske. Na ce Allah ya ji ƙansa, na ajiye, na gama shanyata.

A wurinmu in mai tsohuwar mota ya mutu, abokansa kan fito da motocinsu su bi motar gawa daga coci zuwa maƙabarta, tasa kuma ita ke gaba, ɗansa ko ƙaninsa a sitiyari. Vern ya gaya wa Curtis haka a bakin coci, da ƙarfi, don shi bai san yana ihu ba.

"Ba tirela yau, yaro! Da ƙafarka za ka kai shi!"

Curtis bai yi gardama ba. Ya shiga koriyar da baƙar kwat ɗinsa. Ina motar Vern a bayansa, komai a idona aka yi. Tafiyar gawa ta fi ta Agusta ma jan jiki. A mahaɗar farko ta mutu masa. A ta biyu ta yi tsalle saura ƙiris ta sumbaci motar gawar. Muna hawan gada ya riƙe kulocin rabi-rabi har warin ƙonewa ya cika mana mota.

"Yana dafa ta," in ji Vern. "Kina jin wari? Dafa ta yake!"

"Bar shi ya ji a jikinsa."

Da muka isa maƙabarta Curtis ya fito yana ɗingishi, rigarsa ta jiƙe a baya. A wurin cin abinci a ƙasan coci, yana riƙe da farantin kabeji da dankali, na ji yana gaya wa wani, "Kai, kulocin nan mugu ne. Ban san haka yake ba. Gwiwata ta hagu dama ba lafiya gare ta ba tun da na faɗi a wasan zamiya kan ƙanƙara."

Ban san haka yake ba. Na ajiye cokalina na fita waje na sha iska.

Ya ɗauki hutu ya zauna a gidan yana kwashe kaya. Ya ce ba zai sayar da motar ba, wai daga yanzu tuƙa ta zai riƙa yi, duk Agusta, don tunawa da Baba. Ya faɗa min haka ta saman shinge, idonsa cike da ƙwalla, yana jiran in ce Allah ya yi masa albarka. Na ce to.

Ranar Asabar da rana ina wanke kwanuka sai na ji ƙarar injin huda. Na kashe famfo don in tabbata. Ƙara ce siririya, ta ƙarfe na cin ƙarfe, daga garejin Chet. Ba ta daɗe ba. Ban kai ga goge hannuna ba ta tsaya.

Da yamma ya ƙwanƙwasa min ƙofa, hannayensa baƙi ƙirin.

"Anti Dolly, ki taimaka min. Na ɗaura sabon kulocin, saura cire iska daga bututun. Aikin mutum biyu ne, wani ya taka daga sama ni in buɗe noti daga ƙasa. Vern ya ce ba zai zo ba."

"Alƙalai fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gama da su."

"Ka gama da su. Yanzu."

"Anti, na san..."

"Ba ka san komai ba. Yi min shiru."

Na tsani yaron nan a wannan lokacin, yaron da na goya, kuma ban ji kunyar tsanarsa ba. Na so in rufe masa ƙofa a fuska. Amma akwai abin da nake so in sani, kuma ba wanda zai gaya min sai ƙafata. Na bi shi haka nan da silifas ɗin gida.

Ya shige ƙarƙashin motar. Na buɗe ƙofar direba na zauna. Kujerar ta lotsa daidai jikin wani, ba nawa ba. Robar kulocin ta cinye ta gefe guda, inda takalmi ɗaya ya yi shekara hamsin da wani abu yana sauka.

"Taka, Anti. Riƙe. To saki. Sake takawa."

Na taka, na riƙe, na saki. Da farko fanko ne, ba komai a ƙarƙashin ƙafar. Can ya fara kamawa a hankali.

"Shi ke nan, iskar ta fita," ya ce daga ƙasa. "Gwada ki ji. Ya yi laushi?"

Shekaruna saba'in da biyar, sanyin ƙashi ya cinye min gwiwa, matakalar coci ma sai na riƙe ƙarfe. Na zare silifas ɗin, na ɗora babban yatsana kaɗai a kan robar, na danna. Ta tafi har ƙasa.

"Anti? Ya yi?"

Na bar yatsan a wurin. A kan tabarmar ƙasa, kusa da diddigena, ɓarɓashin ƙarfen da ya faɗo daga ramin yana nan a murɗe, kore ta gefe ɗaya.